Ƙarfe uku na ranar Kirsimeti

Jama'a masu saurarenmu barkanmu da warhaka. Ranar 25 ga Disamba a Ingila idan an ci talotalo an ƙoshi, yara sun gama yayyaga takardun kyauta sun watsa su a tsakar falo, kaka ta fara gyangyaɗi a kujera, da ƙarfe uku ta buga sai a hau neman rimot ana cewa ku yi shiru Sarki zai yi magana. Jawabin bai fi minti goma ba, kuma gaskiya babu wani sabon labari a ciki, gaisuwa ce da addu'a da ɗan waiwayen shekara, amma duk da haka a gidaje da yawa ba a tsallake shi.

Abin ya faro ne a 1932, Sarki George na Biyar ya zauna a wani ɗan ɗaki a gidansa na Sandringham ya karanta a rediyon BBC, marubucin nan Rudyard Kipling ne ma ya rubuta masa. Shi kansa ƙarfe ukun ba haka kawai aka tsinto shi ba, lokacin ne gajeren zango ya fi kaiwa ƙasashen da Turawan Ingila ke mulka, mu ma a wancan zamanin muna cikin lissafin. Ka ga tun farko akwai siyasa a ciki, ana so talakan da ke can nesa ya ji muryar mai ƙasa da kunnensa. Sarauniya Elizabeth ce ta kai shi talabijin a 1957, kai tsaye, daga 1960 kuma aka koma naɗa shi tun kafin ranar don a samu aika faifan ƙasashen waje ya isa da wuri.

To ni inda abin ya fi burge ni shi ne kishiyar da tashar Channel 4 ta yi masa tun 1993, kowace shekara sai su ɗauko wani daban ya yi nasa jawabin, wani lokaci ma da gangan don a tsokano magana. A 2008 shugaban Iran Ahmadinejad suka ba fili, aka yi ta cece-kuce har gwamnati ta nuna ɓacin ranta, a 2013 Edward Snowden, Ba'amurken nan da ya fallasa bayanan leƙen asirin gwamnatin ƙasarsa, a 2020 kuwa sai suka haɗa Sarauniyar bogi da kwamfuta tana zuba zance har da tiƙar rawa, wai don su nuna wa mutane yadda bidiyo ke yin ƙarya yanzu.

A Suwidin kuma ba sarki ake jira ba, agwagwa ce. Tun wajen 1960 duk jajibirin Kirsimeti da misalin ƙarfe uku tashar gwamnati ke saka katun ɗin Donald Duck, kusan abu ɗaya kowace shekara, manya da furfurarsu sun haddace shi amma da shi ake tsara lokacin cin abinci. A ganina ba daɗin shirin ne ya riƙe su ba, sanin cewa maƙwabci ma shi yake kallo a daidai wannan minti ne, kamar dai yadda wanda bai samu zuwa ƙofar Kudu ba yake manne wa talabijin ranar hawan Daushe a Kano. Wannan kuwa Netflix ba ta sayar da shi, can kowa da wayarsa kowa da lokacinsa.

Sarki Charles dai ya gaji ƙarfe ukun, na farkonsa a 2022 a cocin Windsor ya naɗe shi, inda aka binne mahaifiyarsa watanni uku kafin nan.