Daga Takardar Bincike Zuwa Gadon Majiyyaci: Lacca kan Kula da Taɓin Hankali a Kumasi

(An rubuto daga faifan laccar da aka gabatar a unguwar Aboabo, Kumasi)

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, iyayenmu mata, 'yan'uwa ma'aikatan lafiya, barkanku da zuwa.

A shekarar 2000 wasu masana a Amurka suka ƙiyasta cewa abin da bincike ya tabbatar yakan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya zama aikin yau da kullum a asibiti. Wannan jinkirin ne ya haifar da fannin da nake aiki a cikinsa, kimiyyar aiwatarwa. Tambayarmu ita ce: magani yana nan, me ya hana shi isa ga mai buƙata?

Ghana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, doka mai lamba 846. Amma manyan asibitocin wannan ciwo guda uku, Accra, Pantang da Ankaful, duk suna kudu. Uwar da ɗanta ya daina barci, yana magana shi kaɗai, malam take fara nema. Ban ga laifinta ba. Shi ne kusa, shi ta yarda da shi.

To ku saurari wannan, don a garin nan aka yi shi. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gudanar da gwaji a Kumasi da Ibadan, aka wallafa shi a mujallar Lancet a 2020. Ba su kori masu maganin gargajiya da masu addu'a ba. Ma'aikacin ƙaramin asibiti ne ke zuwa inda majiyyaci yake kwance a wurin mai maganin gargajiya ko mai addu'a, ya duba shi, ya ba da magani, ya zauna da mai wurin su tattauna, sannan ya riƙa dawowa. Bayan wata shida, waɗanda aka kula da su ta wannan hanya sun fi sauran samun sauƙi.

Dawowar nan ita ce zuciyar aikin, ita ce kuma ke fara mutuwa idan kuɗin bincike ya ƙare. Horon kwana biyar ba ya wadatarwa. Wa zai duba ma'aikaciyar jinya bayan horon? Wa zai sa mai a babur? Idan magani ya yanke, wa za ta kira? Majiyyacin da bai dawo ba, akwai littafin da aka rubuta sunansa, ko shi ke nan ya ɓace?

Malam, na ga ka ɗaga hannu kan batun ɗaure majiyyata da mari da sarƙa. Bismillah, a miƙa masa lasifika.