Hirar Gindin Darbejiya: Ƙwayar cutar da ke zaune cikin tumbi

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, yau ma daga Kura muke, ni da Malam Idi da Baba Tanko. Baba, ai kai ka jawo zancen nan.

Baba Tanko: Ni ne, 'yata. Shekara ta kai takwas ina fama da olsa. Da azumi in la'asar ta yi, sai in ji kamar an ɗora min garwashi a ƙahon zuci. Na jiƙa kanwa na sha, na bar yaji, Omeprazole kuwa kullum yana aljihun rigata.

Malam Idi: Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Maganin nan da ke aljihunka, akwai hannun wani masani a cikinsa, George Sachs. A Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, aka haife shi a 1935, ya yi karatun likita a Edinbura, ya koma Amurka, ya ƙare aikinsa a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles, ya rasu a 2019. Rayuwarsa ta tafi ne kan tambaya guda: ta yaya tumbi ke samar da ruwan tsamin da ke narka nama?

Bilkisu: Ya samu amsa?

Malam Idi: Ya samu. A bangon tumbi akwai wasu 'yan injina da ido ba ya gani, kamar injin ban ruwanmu na fadama. Aikinsu ba ni gishiri in ba ka manda ne: su tura sinadarin haidurojin, wanda shi ke kawo tsamin, cikin tumbi, su karɓo fotasiyam a madadinsa. Fotasiyam ɗin nan shi ne harafin K da ke jikin buhun NPK. Omeprazole injin nan yake kashewa, shi ya sa raɗaɗin ke lafawa. A 1988 ya fara shiga kasuwa.

Baba Tanko: To me ya sa da na daina sha yake dawowa?

Bilkisu: Nan ne ƙwayar cutar ta shigo, Baba. Helicobacter pylori sunanta. Likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka nuna tana jawo gyambon ciki. Marshall ma kwankwaɗe ta ya yi a 1984 don a yarda da shi, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Abin da ke ɗaure min kai, Malam, yaya take rayuwa cikin wannan tsami?

Malam Idi: Wannan ne ya fi burge ni a aikin Sachs. Baba, in ka watsa takin yuriya a jiƙaƙƙiyar ƙasa da rana, me kake ji?

Baba Tanko: Wani zarni mai hawa kai, har ido yake wa yaji.

Malam Idi: Amoniya ke nan. To jikinmu ma yana da yuriya, kuma kaɗan daga ciki na shiga tumbi. Ƙwayar nan sai ta zuƙe ta, ta fasa ta, amoniya ta fito ta kashe tsamin da ke kewaye da ita. Kanwarta take jiƙawa da kanta. A 2000 Sachs da abokan aikinsa suka nuna tana da wata 'yar ƙofa a jikinta, UreI, wadda ba ta buɗewa sai tsami ya yi yawa, kamar yadda ake buɗe ƙofar kanal in shinkafa ta buƙaci ruwan Tiga. Da tsamin ya sauka, sai ta rufe.

Baba Tanko: Ikon Allah! Abin da ko gani ba a yi.

Bilkisu: Shi ya sa rage tsami kaɗai ba ya kashe ta. In gwajin bayan gida ko na numfashi ya nuna tana nan, likita kan haɗa mai rage tsamin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, galibi na mako biyu, kuma sai an shanye duka. Kada a haɗa wa kai a kemis. Wanda ya ga baƙin bayan gida ko aman jini kuwa, asibiti a ranar.

Baba Tanko: Ni ba a taɓa yi min gwajin nan ba. Ran Litinin, in Allah ya kai mu, Idi ka raka ni.

Malam Idi: Da sassafe zan zo da babur, Baba.