Kafin a Ba Yaro Shara Ya Kai Bola

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan kwandon da kuke gani sharar gida ɗaya ce a cikin birnin Kano. Bari mu zazzage mu gani. Ga ledar fiya wata, ga gorar lemo, ga gwangwanin tumatir da na madara, kwalin sabulu, ɓawon doya, toka, ragowar tuwon jiya, har da tsohon silifa wari ɗaya. Miya ta jiƙa kwalin, manja ya ɓata ledar. A haka za a miƙa wa yaro ya kai bola, alhali da yawa daga cikin kayan nan akwai mai sayensu.

A wasu biranen Turai kowane gida da durominsa kala-kala a bakin titi, mota ta zo yau ta ɗauki takarda, wata rana ta dawo ta ɗauki roba. Mu a nan motocin REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, gaba ɗaya suke kwasa su kai juji. Amma kada wani ya ce ba a sake sarrafa shara a Kano. Ana yi, an ma daɗe ana yi. Mai zuwa ƙofar gidanmu ɗan gwangwan ne da kurarsa da sikelinsa, sai 'yan jari-bola masu buhu a kafaɗa. Abin da suka tara yana bin hannu hannu, daga ƙaramin dila zuwa babba. Ƙarfe ya nufi irin su kasuwar Ƙofar Ruwa, roba ta nufi injinan niƙa da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa, ta dawo mana a matsayin buta da bokiti da takalmi.

Inda ake yin asarar shi ne cikin gida, wajen haɗa jiƙaƙƙe da busasshe. Kwali in ya sha miya ya tashi daga aiki. Don haka uwargida, mazubi biyu kike buƙata: bokiti mai murfi na kayan kicin, da tsohon buhun shinkafa a rataye a zaure ko bayan ƙofa na busassun kaya. Ba sai kin sayi komai ba.

Mu fara da gwangwani, don nan kuɗin yake. Maigida, ka nemi mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ma ya isa. Gwangwanin da ya manne, irin na tumatir da madara, ƙarfe ne. Wanda ya ƙi mannewa, irin na lemo, alminiyam ne, kuma kilonsa ya fi tsada nesa ba kusa ba. In ka haɗe su a buhu ɗaya, kuɗin ƙarfe za a ba ka, kai ka jiyo. Alminiyam ɗin nan shi maƙera ke narkawa su zuba tukwane da ludaya, kuma narka tsoho yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da za a ƙona in daga ma'adani za a haɗo sabo.

Sai roba. Juya gindin gorar nan, za ka ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo. Jarka da bokiti da kujerun roba galibi 2 ne ko 5. Murfin gorar ma ba jinsinsu ɗaya da ita ba: in an niƙa an zuba a ruwan wanki, ɓarɓashin gorar nutsewa yake, na murfin ya taso sama, da haka masu injin ke raba su. Ki ɗauraye gora, ki bar ta ta bushe. Mai kyau kada ki take ta, masu zoɓo da kunun aya na nema. Amma wadda aka taɓa zuba fetur ko fiya-fiya a ciki, ki huda ta da wuƙa kafin ta fita daga gidanki. Ba ki san bakin ɗan wa za ta je ba.

Leda ita ce 'yar wahalar. Ba ta da nauyi, buhu guda cike ba ya taka kara ya karya a sikeli, shi ya sa ba kowa ke sunkuyawa ya tsince ta ba. Ita ce kuma ke toshe kwata da lambatu, ruwan Agusta ya rasa hanya ya shigo ɗaki. Wanda ya leƙa rafin Jakara da ya ratsa birnin Kano ya san zancen. Ka tambayi mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar da ta yi kiwo a bola, zai nuna maka dunƙulen leda. Dabarar ita ce gidajen layi ɗaya su riƙa tara ledar ruwa wuri guda har ta yi nauyin da mai saye zai tako. Hura gawayi da leda kuwa, don Allah a bari, hayaƙin nan mai girki da goyonta ne ke fara shaƙarsa.

Kayan bokitin kicin ba su da wuya. Ɓawo da ganye na awaki ne, toka da kashin dabbobi taki ne. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano ke shigowa da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangala cike da takin birni. Har gobe suna so, kukansu dai ledar da ke cikinsa.

Saura masu cutarwa: fasasshiyar kwalba, reza, allura, sirinji. Yaran da ke tonon bola yawancinsu da hannu tsirara suke yi, wasu ko takalmin kirki babu. A zuba irin waɗannan a gwangwani a matse bakinsa, ko a naɗe su da kwali a ɗaure. Tsohon batirin mota ko na sola kada a fasa shi a gida, akwai asid da dalma a ciki, a mayar wa masu batir, su ma saye suke yi. Buhun zaure kuwa, in ɗan gwangwan bai biyo ta layinku ba, ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli sai a fito da shi daban, kada ya bi tulin da mota za ta kwashe.