Balaga da Nazarin Yahudanci: Hanyar Zama Farfesa a Amurka

A jami'o'in Amurka, wanda ya haɗa ilimin balaga da nazarin Yahudanci iyayen gida biyu gare shi. Balaga tana sashen Ingilishi ko na sadarwa. Nazarin Yahudanci kuwa galibi shiri ne mai aron malamai daga sassan tarihi da addini.

Mu fara da harshe, don nan ne shekaru ke tafiya. Ibranancin Attaura daban, na Mishna (tarin hukunce-hukuncen addinin Yahudawa) daban, kuma yawancin muhawarar Talmud ta Babila, wato sharhin malamansu a kan Mishna, da Aramiyanci take. Sai Jamusanci, tunda binciken zamani a fannin ya faro ne a Balin wajen 1819, a hannun su Leopold Zunz. Mai Larabci ya yi sa'a: Musa ibn Ezra na Andalus da Larabci ya yi rubutunsa kan waƙa da balaga.

Digiri na uku yakan ci shekara 5 zuwa 7: darussa na shekara 2 ko 3, jarrabawar cancanta, sannan kundin bincike. A kundin ake yawan yin tuntuɓe. Ɗalibi sai ya ɗauko ma'aunin Aristotle, wanda aka tsara don mai jawabi a gaban taro, ya ɗora wa Talmud. Alhali Talmud tambaya ce da raddi tsakanin malaman da wasunsu ko zamani ɗaya ba su yi ba. Masanan nassi da sun ga haka sai su ajiye aikin. Maganinsa, a sa ɗayansu cikin kwamitin duba kundin tun farko.

Taruka ma biyu ne. Ƙungiyar masu nazarin Yahudanci (Association for Jewish Studies) kowace Disamba, ta masana balaga (Rhetoric Society of America) duk bayan shekara 2.

In aiki ya samu, mataimakin farfesa yana da kusan shekara 6 kafin a yanke hukuncin ba shi kujerar dindindin. Idan sassa biyu suka raba muƙamin, taro ya ninka, kwamitoci sun ninka, albashi ɗaya. Sashen sadarwa yakan ƙirga muƙalu, masu nazarin Yahudanci littafi suke jira daga maɗaba'ar jami'a. Kada ka sa hannu sai an rubuta maka wane sashe ne zai jefa ƙuri'a a kanka, kwas nawa za ka koyar a kowanne, da irin wallafar da za a ƙirga.