Alkawarin Apple da wayar da ta ƙare a Ikeja

Ku dubi wannan wayar. iPhone ce, gilashinta ya tsage, batirin ya kumbura. Wani Bature ya more ta a Landan, ta shigo Legas cikin kayan tokumbo, aka sayar da ita a kasuwar wayoyi ta Computer Village da ke Ikeja. Yau ga ta a kan teburin mai gyara.

A watan Yulin 2020, kamfanin Apple ya ɗauki alkawari. Ya ce kafin 2030 zai rage iskar kabon da sana'arsa ke fitarwa da kashi 75 cikin 100, tun daga haƙar ma'adinai har zuwa cajin da kake yi a ɗakinka. Ragowar kashi 25 kuma zai biya ta da ayyukan da ke zuƙe iskar, irin su raya dazuzzuka. Wannan iska ita ce ke ɗumama duniya, ta sa teku na ƙara tashi, kuma wanda ke zaune a Legas ba sai an yi masa dogon bayani a kan ruwa ba.

Bayan wata uku aka fito da iPhone 12 ba kan caja a kwalin. Kamfanin ya ce saboda muhalli ne: ƙaramin kwali, ƙarancin shara. Da gaskiyarsa. Sai dai mai saye ya koma ya sake zare kuɗi, har hukumomin Birazil suka ci tarar kamfanin a 2022. Ita ma igiyar caji ta bai ɗaya, USB-C, sai da Tarayyar Turai ta kafa doka kafin ta bayyana a iPhone 15 a 2023. Kun ga wani alherin, sai an matsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mafi yawan kabon ɗin waya ba wajen caji yake fita ba, wajen ƙera ta ne. Kenan duk wayar da ta ƙara shekara biyu a hannu, ta hana a ƙera wata sabuwa. Wa ke wannan aikin? Wannan matashin da kuke gani, da ƙaramin sukuddireba da fitila a goshi. Ya ɗumama gefen wayar, ya ɗaga gilashin a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai, ya zare batirin ya sa wani. Mai wayar na tsaye yana cewa, "Malam, don Allah a lallaɓa, hotunan yara na ciki." Ana kunnawa, sai wayar ta rubuto cewa ba ta san wannan batirin ba, domin ba ta hanyar kamfani ya fito ba. A ganina, nan ya kamata a fara auna alkawarin.

Idan kuma ta mutu murus fa? Apple na da na'ura mai suna Daisy, wadda ke iya kwance waya 200 a awa guda, ta ware ƙarafan da za a sake amfani da su. Amma Daisy ba ta Legas. Kai, kamfanin ba shi da kanti nasa na kansa ko ɗaya a Nijeriya.

Wanda ke nan shi ne ɗan gwangwan, galibi ɗan'uwanmu daga Arewa, yana tura kura daga Agege zuwa Ojota. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A kan takarda, dokokin NESREA, hukumar kula da muhalli ta Nijeriya, sun ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya nauyin karɓar abinsu idan ya mutu.

A bayan kasuwar Alaba kuwa, ga yadda ake yi. A tara igiyoyin lantarki, a cinna wuta, roba ta narke, jan ƙarfe ya fito a ɗora a sikeli. Baƙin hayaƙin nan da ke turnuƙe shi, yaron da ke ƙonawar ba abin da ya tare shi da shi sai tsumman da ya ɗaure a hanci.