Darasi: Neman Sunan Kaka a Jerin Sojojin Yaƙin Bama

Masu sauraro, assalamu alaikum. Darasin yau na waɗanda kakanninsu suka yi soja a rundunar Najeriya ta zamanin Turawa ne, wato ƙarƙashin RWAFF, rundunar da Turawan Ingila suka kafa ta sojojin Afirka ta Yamma, musamman waɗanda aka kai yaƙin Bama (ƙasar Burma, wato Myanmar ta yau) cikin runduna ta 81 da ta 82 tsakanin 1943 da 1945.

Ku buɗe shafin intanet na CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila da na ƙasashen da ta mallaka, ku zaɓi Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai ku sani, waɗanda suka rasu a bakin aiki kaɗai ke cikin wannan jeri, kuma da yawa daga cikin namu suna rubuce ne a bangon tunawa na Rangun, a maƙabartar Taukkyan da ke ƙasar Bama.

Yanzu ga inda ake yawan tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe a kai. Akawun soja bai cika tambayar sunan mahaifi ba. Yakan haɗa sunan mutum da na garinsu ko ƙabilarsa, sannan ya rubuta yadda kunnensa ya jiye masa, shi ya sa Audu kan koma Awudu, Garba ya koma Garuba, Sakkwato kuwa Sokoto za ku rubuta. A wurin bincike na shafin, ku sa sunan gaba ɗaya a gurbin sunan iyali, domin a nan aka fi shigar da sunayen sojojin Afirka. In bai fito ba, ku bar sunan garin kawai, ku bi sakamakon ɗaya bayan ɗaya.

Ni dai na fi yarda da lambar soja, domin suna na iya zuwa ɗaya, lamba kuwa ta mutum guda ce. Ta 'yan Najeriya kan fara da NA, ta sojojin Gana na wancan lokaci da GC. Ku neme ta a takardar sallama idan tana gida, kada ku wahala da duba lambobin yabo na wannan yaƙin, galibinsu ba a zana suna a jikinsu ba.

Wanda ya dawo gida da ransa kuwa, sai ku gwada kundin gidan adana takardun tarihi da ke Kew a Landan. Jerin WO 373 na waɗanda aka nema wa lambar jarumta ne, WO 172 kuma na rahoton kullum na bataliyoyin da suka yi yaƙin Bama, ko da yake sunayen hafsoshi Turawa sun fi yawa a ciki, saboda haka sai kun san bataliyarsa kafin ya amfane ku.