Gasa, Dokar Hukuma da Lafiyar Bankuna a Ƙasashe Masu Tasowa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, malamaina, iyayenmu 'yan kasuwa da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi bayani kan yadda gasa da dokokin hukuma suke shafar aikin bankuna a ƙasashe masu tasowa, kuma ba sai mun yi nisa ba wajen neman misali. Bayan gwamnatin Babangida ta ɓullo da shirin SAP na gyaran tattalin arziki a 1986, an sassauta sharuɗɗan ba da lasisi, har bankunan Najeriya suka tashi daga kimanin 40 zuwa kusan 120 cikin 'yan shekaru. A ido wannan gasa ce, amma da yawa daga cikinsu ba karɓar ajiya da ba da rance suka sa gaba ba, sai sayen dala a farashin gwamnati su sake ta a kasuwar canji, yayin da masu bankin suke ba kansu da makusantansu bashin da ba su da niyyar biya. A watan Janairun 1998 kaɗai, bankuna 26 aka rufe.

Daga nan hukuma ta juya akalarta. A Yulin 2004 Farfesa Charles Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, kuma kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25. Mu a Kano mun ji wannan a jikinmu, domin Bank of the North, wanda hedikwatarsa take a garin nan, ya narke a cikin Unity Bank, sannu a hankali kuma shawarar wanda za a ba bashi ta koma hannun mutanen da ba su taɓa shiga Kantin Kwari ba.

Shin babban jari ya kawo aminci? Shekara huɗu ba ta cika ba amsar ta fito. Bankuna sun tara kuɗin da ya fi ƙarfin masu sa musu ido, suka zuba shi a bashin sayen hannun jari da na shigo da man fetur, da kasuwa ta faɗi a 2008 sai asiri ya tonu. A Agustan 2009 Malam Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo a Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, jimillar kuɗin ceton da aka zuba ta kai naira biliyan 620, sannan gwamnati ta kafa hukumar AMCON a 2010 don ta kwashe munanan basussuka. A ganina laifin ba na dokar jari ba ne, rashin binciken littattafan bankuna ne, wanda aiki ne na kullum da ba ya jawo tafi.

Doka ma takan wuce gona da iri. Kenya ta ƙayyade kuɗin ruwa a 2016, sai bankuna suka janye daga ƙananan 'yan kasuwa suka koma ba gwamnati rance, har aka soke dokar a 2019. Irin wannan muke gani a nan ta wata fuska: a 2024 Babban Banki ya kai ga riƙe kashi 50 cikin ɗari na ajiyar bankunan kasuwanci, takardun bashin gwamnati kuma suna biyan riba mai tsoka ba tare da haɗari ba. To me zai sa manaja ya wahalar da kansa da mai shago a kasuwar Singa wanda ba shi da takardar fili?

Gasar da talaka ya amfana da ita ta wata ƙofa ta shigo. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da manhajojin manyan bankuna suka riƙa sarewa, kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su Moniepoint da OPay ne suka riƙe ciniki, yau kuma har mai shayi yana da POS. Jaiz, bankin Musulunci wanda ya fara aiki a 2012, ya jawo masu gudun riba da a da suke ajiye kuɗinsu a gida. Sai dai na'urar POS tura kuɗi ta sauƙaƙa, bashin shekara biyar na kafa masana'anta a Sharaɗa har yanzu yana hannun manyan bankuna. A Maris 2024 kuma an sake ɗaga wa bankuna mafi ƙarancin jari, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na cikin gida, kuma ina fargabar ƙananan da suka fi kusa da mu ne haɗewa za ta fara cinyewa.